Bin Sawun Jama'a a Birnin Shehu da Waya da Taswira

Wanda ya buɗe Google Maps yana son sanin inda jama'a suka fi taruwa a Sakkwato, guntun labari zai samu. Kamfanin yana lissafa cunkoso ne daga wayoyin da masu su suka yarda a riƙa ajiye tarihin inda suka je, kuma sai wayoyin sun yi yawa a wuri kafin ya nuna komai. To 'yar talla mai faranti a ka, da almajiri, da dattijon da ya kawo albasa daga ƙauye da 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli, da matar da wayar gidan ke aljihun mijinta, duk ba su cikin wannan lissafi, alhali su ne suka cika kasuwa da tasha. Saboda haka mai nazarin yadda mutane ke amfani da gari a nan dole ya tattara rabin bayanansa da ƙafarsa, ya zuba su a waya, sannan ya haɗa da abin da tauraron ɗan adam da intanet suka ba shi.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Wayar Android, kwamfuta ko da tsohuwa ce, abin cajin waya na aljihu, da mutum biyu ko uku, a cikinsu har da mace. Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne. Ɗalibin sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai iya fitar da kundin digiri daga nan, haka ma ƙungiyar unguwa mai son kai koke da hujja a hannu.

Fara da tambaya ƙarama

"Yaya mutanen Sakkwato ke amfani da garinsu?" ba tambayar da za ta amsu ba ce. Matse ta. Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne: a ina masu jiran abin hawa ke tsayawa a bakin Babbar Kasuwa a watan Afrilu, kuma me ke kai su wurin? Tambayar tana da wuri, tana da lokaci, tana da mutanen da ake nufi. Kana iya musanya ta da kewayen Hubbaren Shehu ranar Juma'a, ko Kara ranar da dabbobi suka cika, ko wani layi a Mabera bayan isha'i. Kada tsawon wurin ya wuce abin da mutum zai taka cikin minti 15.

Sallama kafin awo

Wannan mataki yana gaba da sauke kowace manhaja. A halin tsaron da ake ciki a jihar, baƙon fuska da ya tsaya yana danna waya yana kallon mutane, ba a daɗewa wani ya matso ya ce, "Malam, mi kaka rubutawa ga wayag ga?" In amsarka ta yi rawa, kalmar infoma ba ta da nisa da bakin mutane, kuma ba kalmar wasa ba ce yanzu. Je wurin mai unguwa da takarda daga makarantarku ko ƙungiyarku. In kasuwa ce, ga shugabannin 'yan kasuwa. In tasha ce, ga shugabannin ƙungiyar direbobi da na 'yan kabu-kabu. Faɗa musu cikin Hausa mai sauƙi cewa ƙirga kake yi, ba ka ɗaukar suna, ba ka ɗaukar fuska, ba haraji ya kawo ka ba. Nemi su haɗa ka da wani yaron wurin da zai riƙa zagayawa da kai. Bariki, shingen jami'an tsaro da ƙofar banki, kada ka ɗaga waya a kusa da su ko da an ba ka izinin unguwa.

Abin da ke intanet tun kafin ka fita

Sauke manhajar taswira ta QGIS a kwamfuta, ita ce teburin da za ka shimfiɗa komai a kai. Taswirar tushe ka ɗauko daga OpenStreetMap, wadda masu sa kai ke zanawa tun 2004. Manyan titunan Sakkwato suna ciki, amma lungunan tsohon gari da rumfunan bakin titi sai ka duba da idonka, ka ƙara abin da babu. Siffar gine-gine kuma akwai ta a tarin da Google ya fitar a 2021 na gine-ginen Afirka, wanda kwamfuta ta zana daga hotunan sama. Tana kuskure inda rufin kwano ya manne da juna, ta haɗe gida uku ta mai da su ɗaya.

Iyakokin mazaɓu, matsugunai, asibitoci da makarantu ka nema a GRID3, aikin da ya samo tushe daga taswirorin da aka zana a Arewa don rigakafin shan inna. A nan ka lura da wani abu: birnin ya daɗe da fin ƙarfin ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya malala cikin Wamakko, Dange-Shuni da Kware. Wanda ya yanke bayanansa a kan ƙananan hukumomi biyu kawai ya zubar da sababbin unguwanni masu yawa. Buɗe tsofaffin hotuna a Google Earth na kwamfuta ka ja ma'aunin shekaru baya, za ka ga gonaki suna komawa gidaje.

Alkaluman yawan jama'a na WorldPop suna zuwa a murabba'in mita 100, kuma kiyasi ne, domin rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Babban abin da ya kamata ka riƙe shi ne suna nuna inda mutane ke kwana. Kasuwar da ba ta da masakar tsinke da hantsi za ta iya fitowa fayau a wannan taswira.

Ga tambayarmu ta masu jira, hotuna biyu na sama sun fi kowane amfani. Na farko daga tauraron ɗan adam Sentinel-2 na Tarayyar Turai, mai ganin mita 10, yana dawowa kusan kowane kwana 5. Ɗauki hoton Maris ko Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus. Duk koren da ya rage a cikin gari a wannan lokaci bishiya ce, galibi dogon yaro, in ka cire fadamar Rima da lambuna. Hoton yana zuwa zubi-zubi, kowane zubi da irin hasken da ya ɗauka, kuma lissafin kore ana yin sa da zubi na 8 da na 4: ka cire na 4 daga na 8, ka raba da jimillarsu. Sakamakon shi ne taswirar inuwar bishiyoyin garin, ba tare da ka ƙirga ko ɗaya ba. Na biyu daga taurarin Landsat 8 da 9 na Amurka, masu auna zafin doron ƙasa, ana sauke hotunansu kyauta a shafin EarthExplorer. A fayil ɗin zafi mai suna ST_B10, ninka lambar da 0.00341802, ƙara 149, sannan ka cire 273.15, sai ta koma digirin da muka saba. Sai dai tauraron yana wucewa ne da hantsi, kafin rana ta yi tsakiya, kuma zafin kwalta da kwano yake aunawa, wanda ya fi na iskar da mutum ke shaƙa. Idonsa na zafi ma mita 100 ne, ba zai ga bishiya guda ba. Ka guji hotunan ranakun da ƙurar hunturu ta turnuƙe.

Agogon garin

Nan ne yawancin masu kwafo hanyar bincike daga waje ke ɓata aikinsu. Suna tsara ƙirga ƙarfe 8, ƙarfe 12, ƙarfe 5, bisa tunanin garin da ofis ke juya shi. Sakkwato rana da salla ke juya ta. Raba yininka haka: bayan asuba, hantsi, kafin azahar, tsakanin azahar da la'asar, bayan la'asar, gab da magariba, bayan isha'i. Rubuta ƙarfe nawa ne, amma ka ajiye gurbin da ke cewa wane zango ne a cikin waɗannan, tun da lokutan salla suna matsawa da watanni. Ƙirgar da aka yi minti biyar bayan an sallame la'asar da wadda aka yi ana cikin sahu za su ba ka gari biyu daban, ko da agogo ya nuna kusan lokaci ɗaya.

Sai lissafin inuwa. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma tana yamma sosai a cikin agogon Najeriya, don haka rana ba ta kai tsakiyar sama sai wajen ƙarfe 12:40. A ƙarshen Afrilu, da kuma tsakiyar Agusta, tana bi ta saman kai daidai. Ma'anarsa, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, katanga ba ta da inuwar da za ta ba kowa da azahar. Sai rumfa, sai bishiya, sai ƙarƙashin babbar mota da aka ajiye. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta 'yar inuwar tsakar rana tana faɗawa kudu, sauran watanni kuma arewa. Mai shayi da mai gyaran takalmi sun san wannan ba tare da lissafi ba, shi ya sa suke ƙaura daga wannan gefen titi zuwa wancan. In ba ka rubuta inda inuwa take a kowace ƙirga ba, za ka ga ɗigo suna yawo a taswira ka rasa dalili.

Ware Juma'a daban. Watan azumi ma bincike ne mai zaman kansa, domin garin yana komawa na dare. Kada ka gauraya alkalumansa da na sauran watanni.

Fom da ƙirga

Buɗe asusu a shafin KoboToolbox na tattara bayanai, ka gina fom, ka sauke manhajarsa ta KoboCollect a wayoyin abokan aikinka. Tana aiki babu intanet, sai an koma gida a tura. Rubuta tambayoyin da Hausa. Fom ɗin ya zama gajere ƙwarai, wanda za a cika cikin daƙiƙa 30 a tsaye cikin rana: lambar wuri daga GPS, zangon yini, mutum nawa, maza ko mata ko yara, me suke yi (jira, saye, sayarwa, hira, hutu, salla), suna tsaye ko zaune, a kan me suke zaune, suna inuwa ko rana, inuwar mece ce. Kowace amsa ta zama ta zaɓi, kada a sa mutum ya yi rubutu. Manhajar tana jira kuskuren GPS ya sauko mita 5 kafin ta kama wuri da kanta. Ƙarƙashin rumfar kwano ba ya saukowa da wuri, don haka a fito fili a kama, a rubuta cewa mutanen suna cikin rumfa.

Ƙirga iri biyu ce. Ta masu wucewa: ka zaɓi layi a ranka daga wannan turken lantarki zuwa wancan shago, ka tsaya minti 10 kana ƙirga duk wanda ya tsallaka, ka ninka da 6 ka sami kiyasin awa. Hanya ce da Jan Gehl, masanin gine-gine na Denmak, ya yaɗa tun daga nazarin da ya yi wa titunan Kofanhagan. Ta masu tsayawa kuma: ka taka wurin daga farko zuwa ƙarshe da tafiya ɗaya, ba ka komawa baya, duk gungun da ka iske ka cika masa fom guda. Wanda ya zo bayan ka wuce ba naka ba ne sai zagaye na gaba. Ga tambayarmu ta biyun ce uwa.

Kafin a fara da gaske, ku fita tare ku ƙirga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da wayarsa, ku gwada. Za ku tarar wani yana sa ɗan shekara 14 a yara, wani a maza. Wani yana ɗaukar ɗan kabu-kabun da ke kishingiɗe kan babur a mai hutu, wani a mai sana'a. Ku yanke hukunci ɗaya ku rubuta shi. Kowane zango a maimaita shi a ranaku daban-daban, aƙalla uku, saboda rana guda tana iya zama ranar ɗaurin aure ko ranar da man fetur ya yanke. Waya kuma tana ɗaukar zafi ta mutu a cikin zafin ranar Afrilu, a riƙa sa ta aljihu tsakanin ƙirga, a tafi da takarda da biro.

In kana son sanin hanyoyin da ake bi, nemi 'yan kabu-kabu ko masu keke napep kaɗan da suka yarda, a sa musu manhajar taswira ta OsmAnd ta ɗauki sawun tafiyarsu na yini, ka biya su ladan caji da data. Sawun zai nuna lungunan da ake yanke hanya ta cikinsu da wuraren da ake daɗewa a tsaye. Kada ka ce ya wakilci gari, sawun mutum biyar ne.

Abin da ɗigo ba ya faɗi

Ƙirga ta nuna maka mata ba su tsayawa a wata bishiya mai inuwa lumshi, sun gwammace rana a gaba kaɗan. Dalilin yana bakinsu. A nan abokiyar aikinku za ta yi abin da namiji ba zai iya ba, a titi da kuma cikin gidajen da aka rubuta ba shiga. Ta yi sallama, ta ce, "Inna, don Allah in tambaye ki, in kin fito kasuwa ina kike tsayawa ki jira keke?" Amsar tana iya zama, "Ɗiyata, wurin ga majalisar maza ta, wa ka tsayawa nan?" Inuwar tana nan a hoton Sentinel, amma tana da masu ita.

Tambayoyi uku sun isa: ina kike tsayawa, ina kike kauce wa, me ya sa. A ɗauki murya in an yarda, a fom ɗin Kobo akwai gurbin sauti. Mafi kyau shi ne a taka tare da mutum yana nunawa, ana kama wurin da ya nuna. Bayan an dawo, a saurara a rarraba dalilan: zafi, ƙura, warin kwata, duhu, cunkoson babura, idon maza, tsoron ɓarayin waya, kusanci da masallaci ko ruwan sha. Kada ka shirya jerin tun farko, bar shi ya fito daga abin da aka ce. Wanda ya fi sakewa da Fulatanci ko Zabarmanci a nemo mai jin harshensa.

Rubuta sunan da mutane ke kiran wuri da shi, domin sau da yawa ya saɓa da na allon titi, kuma da shi ɗan kabu-kabu ke aiki. OpenStreetMap tana da gurbin sunan Hausa da na sunan da 'yan wuri suka sani. Sanya su can sadaka ce ga mai bincike na gaba.

Sharhin da mutane ke rubutawa a Google Maps da hotunan Facebook da TikTok, ni ina ɗaukar su a matsayin shaidar abin da masu manyan wayoyi ke ganin ya isa a nuna: wurin cin abinci, otal, fadar Sarkin Musulmi ranar hawa. Karanta su, amma kada ka ƙirga su tare da naka.

Shimfiɗa a QGIS

Sauke bayanan Kobo a fayil ɗin CSV ka shigar. Longitud, wato lambar gabas, shi ne X, latitud, wato lambar arewa, shi ne Y. Sakkwato tana wajen 13.06 arewa, 5.24 gabas, in ka juya su, ɗigonka za su faɗa Kamaru. Mayar da komai zuwa ma'aunin UTM shiyya ta 31 ta arewa, lambarsa 32631, don nisa ya fito da mita. Goge ɗigon da kuskurensu ya wuce mita 15, da waɗanda suka faɗo kan rufin wani gida a ƙetaren titi.

Sannan ka shimfiɗa raga a kan wurin, gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida mita 25 ga ɗan wuri irin namu. Sa manhajar ta tara yawan mutanen kowane gida, ka tabbata adadin mutane take tarawa ba adadin fom ba, tun da fom ɗaya yana iya ɗauke da mutum 12. Yi taswira daban ga kowane zangon yini, da ma'aunin launi iri ɗaya, ka jera su. Yi ta maza, yi ta mata. Ɗora taswirar kore a ƙasa. Yanzu kana iya fitar da lamba mai ma'ana: cikin masu jira tsakanin azahar da la'asar, kashi nawa ke rana, kuma mita nawa ke tsakanin inda abin hawa ke tsayawa da inuwa mafi kusa. Taswirar nan mai ja da rawaya da ke narkewa cikin juna tana da kyan gani a bango, amma faɗin da ka zaɓa mata yana iya ƙirƙiro cunkoson da babu. Ragar ta fi gaskiya.

Ka yi hattara da dalili. Ganin mutane a gindin bishiya bai tabbatar da inuwa ta kawo su ba, wataƙila mai ruwan sanyi ne ke wurin, shi ma inuwar ta kawo shi. Muryoyin da kuka ɗauka su za su raba gardama.

Sirrin mutane

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗauki bayanin inda mutum yake a cikin bayanansa na kansa, kuma akwai hukumar da ke kula da ita. Cire suna kawai ba ya ɓoye mutum. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan wayoyin mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa wurare huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. A Janairun 2018 kuma aka gano taswirar masu motsa jiki ta Strava tana fallasa sansanonin soja, saboda sojoji na gudu da manhajar a kunne. Don haka sawun ɗan kabu-kabu ka yanke mita 300 na farkonsa da na ƙarshensa, nan ne ƙofar gidansa. Hirar da aka yi a cikin gida a sa mata sunan unguwa kawai. Gidan ragar da mutanensa ba su kai biyar ba a haɗe shi da na kusa kafin a wallafa. Muryoyi a rubuce su a goge sautin. Taswirar da ke nuna inda masu canji ko dillalan shanu ke zama da lokacin tashinsu, wannan ba ta fita daga kwamfutarka.

Mayar wa masu wuri

Buga taswirorin a babbar takarda ka koma wurin shugabannin da suka ba ka izini, ka shimfiɗa a tabarma. Fara nuna musu masallaci da ƙofar kasuwa don su gane gabas, sannan ka yi shiru. Za su ce maka wannan gungu ba masu jiran mota ba ne, 'yan dako ne; wancan wurin da ka gani fayau, an tashi masu rumfa ne watan jiya. Gyara a gabansu. Abin da za ka kai wa hukumar tsara birane ko ƙaramar hukuma ya zama shafi ɗaya: taswira biyu, lamba biyu ko uku, da buƙata guda mai wuri takamaimai, kamar rumfar jira a wannan kusurwa, ko a matsar da wurin tsayawar keke mita 40 zuwa layin dogon yaro, ko fitila a wancan lungu.

Ajiye fom ɗin yadda yake, kada ka canza ko kalma. A Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a bakin titi, ka sake fita da shi a zangunan nan bakwai, sannan a Janairu cikin hunturu, lokacin da masu gudun rana ke fitowa neman ta da safe. Tambaya ɗaya za ka ƙara a damina: akwai ruwa kwance a wurin ko babu.